Aikin da Tahani Ta Bari a Koriya

Na san Tahani a shekarar da maigidana ya fara digirinsa na uku a jami'ar Ummul Ƙura da ke Makka, muka kama haya a wani bene a unguwar Shisha. Mu muna hawa na biyu, ita da mahaifinta suna na uku. Ran da muka fara magana, lif ne ya lalace. Na tarar da ita a kan matakala tana riƙe da hannun wani dogon tsoho mai farin gemu, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na yi musu sallama da Larabcina na makaranta zan wuce, sai tsohon ya ji ina yi wa 'yata Minnatullah faɗa da Hausa. Ya juyo.

"Ke ɗiyar wa ce? Daga ina?"

"Daga Zariya, Baba."

"Mu na Gwadabawa ne," ya ce, ya saki ƙarfen matakalar, ya biyo ni yana ba ni labarin kasuwar garin.

Daga baya Tahani ta gaya mini cewa mahaifin nata, Baba Mukhtaru, bai taɓa taka Najeriya ba. A unguwar Jarwal ta Makka aka haife shi. Kasuwar da yake ba da labarinta ta mahaifinsa ce, wanda ya zo hajji da ƙafa tun zamanin Turawa ya zauna. Tun daga ranar, in tsohon ya rikice ya ƙi cin abinci, sai ta aiko a kira ni in zo in yi masa Hausa. Ita tata Hausar ta kaka ce, irin ta Sakkwatawa, kuma ba ta yin jimla biyu ba ta tsoma Larabci ba. Ni ina kiranta Abla Tahani, yadda 'yan Makka ke kiran babbar ya ko malama. Ita kuma tana ce mini Ummu Minna.

Na daɗe ina ɗaukanta malamar makaranta ce da ta ajiye aiki. Wata rana da la'asar ina taya ta gyaran kicin, na ga hoto a jikin firji. Wani mutum ne cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, safar hannu, takalma kamar buhu, ba a ganin komai sai idanu a bayan tabarau, ɗakin kuma duk haskensa rawaya ne. Na tambaya ko likita ne.

"Ni ce," ta ce. "A dawam ɗina na da."

Dawam shi ne wurin aiki a bakinsu. A tsaye muke, ita tana goge tukunya, ta ba ni farkon labarin. Sauran na tsinta a hankali cikin shekarun da muka yi maƙwabtaka.

Baba Mukhtaru direba ne. Duk shekara yana jan motar makaranta, lokacin hajji kuma ya ɗauki bas ɗin alhazai daga Arfa zuwa Muzdalifa. Matarsa Ramlatu tana yin fura da kunun gyaɗa ana saye a unguwa. 'Ya'yansu biyu ne suka rayu, Talal da ƙanwarsa Tahani. Yarinyar ta tashi da kan lissafi, ta karanta kimiyyar fiziks a jami'a, sakamakonta ya yi kyau har gwamnati ta ba ta gurbin ƙaro karatu a Koriya ta Kudu. A wancan lokacin sai da muharrami, don haka Talal ya ajiye aikinsa ya bi ta. Shekarar da suka tafi aka rushe layinsu na Jarwal don faɗaɗa hanya da gina otel, iyayen suka dawo Shisha. Talal ya yi shekara biyu yana fama da sanyi da abincin da bai saba ba, ya komo, ya sami aiki a garin Jubail, can gabashin Saudiyya, ya yi aure. Ita ta zauna. Ta gama digiri na biyu, ta iya yaren ƙasar, wani kamfani ya ɗauke ta.

Na tambaye ta mene ne aikin. Ta ɗauki wayata daga kan tebur.

"A cikin jawwal ɗin nan akwai wata 'yar shariha, ba ta kai farcenki ba. Ita ce ƙwaƙwalwarsa. A cikinta akwai hanyoyin wuta masu yawan da ba su ƙirguwa, kowacce ta fi gashin kanki siranta sau dubbai. Ba hannu ke zana su ba, da haske ake buga su, ya'ani kamar yadda ake buga hoto. To kafin a buga, sai an yi faifan asali. Wannan faifan ni nake dubawa."

Faifan, in ji ta, gilashi ne na musamman mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamar ƙaramin faranti. Hasken da ake amfani da shi kuwa ido ba ya ganinsa, kuma mai laulayi ne ƙwarai: iska tana shanye shi, gilashi yana shanye shi. Saboda haka ba ya ratsa faifan, sai dai ya doke shi ya dawo kamar madubi, a cikin injin da aka zuƙe wa iska. Don faifan ya zama madubin irin wannan haske, ana shimfiɗa masa wasu siraran rufi ɗaya kan ɗaya, masu yawa, sannan a zana taswirar sharihar a sama. In ƙura ɗaya ta faɗa, ko layi ɗaya ya ɗan cinye, to duk sharihar da aka buga da faifan za ta fito da wannan aibin.

"Inji ne yake bin faifan yana ɗaukar hoto," ta ce. "Duk inda ya yi shakka sai ya sa alama. Wani lokaci alamun su cika allo. Mafi yawansu ƙarya ne, inuwa ce ko tsoron inji. Aikinmu mu zauna mu duba ɗaya bayan ɗaya: wannan ƙura ce a wanke, wannan tsaga ce a gyara, wannan ba komai. Mafi wahala shi ne wanda ya kwanta a ƙarƙashin rufin. Sama lafiya lau, ƙasa akwai ɗan tudu. Shi ba ya wankuwa. Sai dai ki ce zai fito a bugu ko ba zai fito ba. In kika ce a jefar, an yi asarar aikin makonni. In kika ce a wuce da shi kuma ya fito, asarar ta fi haka."

Ɗakin da suke aikin ya fi ɗakin tiyata tsabta. Ba a shiga da kwalli, ba turare, ba hoda, ba takarda irin tamu. Ana tsayawa a wani lungu iska ta kaɗe mutum kafin ƙofa ta buɗe. Ta ce abokan aikinta mata suna kukan kayan nan masu rufe fuska, ita kuwa ko a jikinta, ta saba da niƙabi tun tana budurwa. A can ne kaɗai, in ji ta, ba wanda ya san launinta sai ta cire. Tana faɗin waɗannan abubuwa muryarta takan canza, ta yi sauri, hannuwanta suna zana abin a iska. Ban taɓa ganinta haka a kan wata magana ba. Wasu abubuwan kuma in na tambaya sai ta ce ta sa hannu ba za ta faɗa ba.

Saboda wannan sirrin ne ba a shiga da waya. Tun a babbar ƙofar kamfanin kowa yake kulle tasa a akwati, sai an tashi.

Wata rana aka kawo musu faifan da ake jira da gaggawa, inji ya nuna wani ɗigo dishi-dishi a gefen wani layi. Ita da shugabar sashensu, wata mata mai suna Yun, suka zauna a kansa tun bayan cin abincin rana. Suka sa aka sake ɗaukar hoton, suka auna, suka kwatanta da na baya. Ta fita ɗakin canza kaya ta yi la'asar ta dawo. Sai bayan magariba suka yanke cewa ɗigon ba zai fito a bugu ba, aka wuce da faifan. Ta fito da murnarta, ta buɗe akwati, ta tarar da kiran Talal ya cika wayar.

Ramlatu ta faɗi a kicin da hantsin Makka, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Talal ya bugo wa Tahani har ya gaji, ya nemi lambar kamfanin, aka yi ta miƙa shi daga wannan ofis zuwa wancan, ba wanda ya san ginin da take. A Makka ba a jinkirta gawa. Aka yi mata salla a Harami bayan azahar, aka kai ta maƙabartar Shara'i. Lokacin da Tahani ta kira, maza sun riga sun dawo daga maƙabarta.

"Ko ina da waya a hannu ba zan iso ba," ta ce mini. "Na sani. Tafiyar yini guda ce. Amma da na ce su sa mini wayar a kunnenta, ko su jira zuwa isha'i in ga fuskarta a allo. Kuma wanka, Ummu Minna. Baƙi suka yi mata wanka, tana da ɗiya." Sannan ta ce, "Ɗigon kuma ba komai ba ne. Faifan ya yi aiki lafiya."

Ta zo ta'aziyya, ta koma. Ba a daɗe ba Talal ya fara gaya mata cewa Baba yana mantuwa. Ya bar gas a kunne. Ya je masallaci ya kasa gane hanyar gida. An kai shi Jubail ya zauna da su, ya tayar da hankalin kowa, kullum yana bakin ƙofa da jakarsa yana cewa a mai da shi Makka kada ya mutu a wani gari. Tahani ta ɗauki hutu ta zo ta gani da idonta. Da hutun ya ƙare ta roƙi kamfanin su bar ta ta riƙa duba hotunan daga gida, tunda aikin a allo ne. Yun ta kai maganar sama, aka ce hoton faifan ba ya fita daga ginin, balle ƙasar. Ta koma ta kwashe kayanta, ta miƙa katin shiga, ta dawo Shisha.

A haka na same su. Ita ke yi masa wanka, ta yanke masa farce, ta ɓoye makullin ƙofa a cikin gwangwanin shayi. Wani lokaci ya san ta, wani lokaci ya kira ta Ramlatu, ta amsa. Ran da hankalinsa ya dawo sosai yakan tambaye ta, "Tahani, mi ya maishe ki gida? Sun kore ki?"

"A'a, Abuya. Hutu nake."

"To madalla. Kada ki daɗe, aiki ba ya son wasa."

Bai taɓa fahimtar aikin ba. Yana gaya wa mutane cewa ɗiyarsa tana gyaran madubi a ƙasar Sin.

A shekarata ta biyu a gidan, wata jami'a da ke bakin teku arewa da Jidda ta neme ta. Suna da ɗaki mai tsabta irin wancan, ƙarami, na ɗalibai masu bincike, suna son wanda ya san yadda ake kula da injunan dubawa. Ba irin faifanta ba ne, na koyo ne, amma ran da ta dawo daga ganawar sai da ta tsaya a ƙofata ta ce in shinshina hannunta, warin safar roba. Ta ɗauki wata mata 'yar Burma da aka haifa a Makka ta riƙa zama da Baba, ita kuma ta kama tuƙi, ta fita bayan asuba ta dawo bayan magariba. Ta rame, amma tana dariya.

Bai kai wata biyu ba. Wata ranar Talata matar ta shiga banɗaki, tsohon ya gano inda makulli yake. Ya sauka, ya tare tasi, ya ce a kai shi Jarwal. Maigidana da wasu samarin bene suka bazu nema. Tahani tana cikin ɗakin aiki, sai dai wannan karon ta bar lambar ofis a jikin firji, aka shiga aka kira ta. Kafin ta iso an gan shi. Yana zaune a gefen titi a gindin wani dogon otel, rana ta gasa shi, ƙafarsa ɗaya ba takalmi, yana tambayar masu wucewa ina aka kai gidan Mukhtaru direba. Ya kwana uku a asibiti ana ƙara masa ruwa.

Talal ya zo daga Jubail. Ina ɗakin lokacin da suka yi maganar, da Larabci, amma na ji mafi yawanta. Ya ce a sami wata matar da za ta kula da Baba, ko biyu, shi zai ɗauki nauyi. Ya ce ya taɓa barin aikinsa saboda karatunta, ba zai so a ce duk ya tafi a banza ba. Ta ce ko mata goma aka kawo, ba ya cin abinci sai daga hannunta, kuma ita a can ba ta iya duban allo, hankalinta yana kan ƙofa. Talal ya sunkuyar da kai. Washegari ta rubuta wa jami'ar ta ba su haƙuri.

Baba Mukhtaru ya ƙara shekara ɗaya da wani abu. A ƙarshe ya daina magana, Larabcin ya fara tafiya, sannan Hausar. Ya rasu a gadonsa da rana tsaka cikin Rajab, Tahani tana gefensa tana jiƙa masa leɓe da zamzam. Na hau na zauna da ita bayan maza sun fita da shi. Ba ta yi kuka sosai ba. Ta tashi ta cire zanen gadon, ta ninke, ta tsaya riƙe da shi a tsakiyar ɗaki kamar ta manta inda ake ajiyewa.

Bayan ta huta na ce mata, "Abla, yanzu ai sai ki koma."

"Zan gwada," ta ce.

Jami'ar ta riga ta ɗauki wani. Ta nemi Yun, suka yi magana ta bidiyo, ta sauko ta ba ni labari. Yun ta yi murna da ganinta, ta yi mata ta'aziyya, sannan ta gaya mata yadda abubuwa suka koma. An canza injunan, an kawo sababbi masu duba faifan da ainihin hasken da ake bugu da shi, Tahani ba ta taɓa zama gabansu ba. Layukan sun ƙara siranta. Tantance hotunan kuma yanzu kwamfuta ke yin mafi yawansa, an koya mata da tarin hukuncin da su Tahani suka yanke a shekarun baya. Sashen da yake cike da mutane ya koma 'yan kaɗan. In tana so ta nema, amma tare da sababbin ɗalibai za ta shiga layi.

"Na ce mata na yarda," in ji Tahani. "Sai ta yi mini wata tambaya a kan aikin, da yarensu, wata kalma da nake faɗa kullum. Na san abin, ina ganinsa a idona, kalmar ta ƙi zuwa. Ta yi kamar ba ta lura ba."

Ta nema duk da haka. Ta sayi littattafai, ta yi watanni tana bitar yaren da karatun, har ta je aka gwada idonta aka ba ta tabarau. Amsa ta zo cikin ladabi cewa sun gode, sun cike gurbin. Ta nemi wasu kamfanoni biyu a wasu ƙasashe, ɗaya bai amsa ba, ɗaya ya tambayi abin da ta yi a shekarun da ba ta aiki, ta faɗa musu, ba su sake magana ba. Ta je Riyad wani taro da aka yi kan kafa wannan sana'a a ƙasar. Ta ce an karɓe ta da mutunci, an ba ta kati da jaka, amma masu zana shariha a kwamfuta ake nema. Masana'antar da za ta buƙaci mai duba faifai irin nata, wani ya gaya mata, ko an yi ta ba nan kusa ba.

Talal ya so ta koma Jubail wurinsu. Ta ƙi. Ta ce ta yi zaman wani gari ya ishe ta. Ta sami koyarwa a wata makarantar 'yan mata mai zaman kanta a unguwar Aziziyya, tana koyar da fiziks a aji biyu na sakandare. Da safe ina jin saukarta a matakala, da la'asar ta dawo da tarin takardun gyara. Ɗakin Baba ta rufe shi, ba ta shiga sai ranar shara.

Maigidana ya kammala, muka dawo Zariya bara. Muna gaisawa ta waya jefi-jefi. Kwanan baya na kira ta, na tambayi makaranta. Ta ce shugabar makarantar ta ji labarin aikinta na da, ta roƙe ta ta yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani a ranar da suke ware wa sana'o'i. Ta yi mako tana shiri. Ta yanka kwali daidai girman faifan, ta manna masa takardar azurfa, ta zo da tocila don ta nuna musu yadda haske ke dokan madubi ya dawo. Ta ce yaran sun yi shiru sun saurara har ta gama, ba wadda ta yi surutu.

"Da na ce akwai mai tambaya, sai hannuwa suka tashi da yawa," ta ce. "Na ji daɗi. Na nuna ta farko. Ta ce, Abla, da kike Koriya kin taɓa ganin 'yan wasan fim ɗinsu ido da ido? Sauran duk suka sauke hannu, ashe tambayar ɗaya ce."

"Me kika ce musu?"

"Na gaya musu gaskiya, ban taɓa gani ba. Daga nan aka kaɗa ƙararrawa."